Baffa da Bambar Motar Babana

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Bana kiran ya zo kan Baffa, wan mahaifina, mai walda a Tambuwal. Ya cika da hantsi a tsakiyar damina, aka kai shi bayan azahar a kan makarar ƙarfen da shi da kansa ya haɗa wa masallacin unguwarmu.

Kwanakin zaman makoki na yi su ne cikin mata, kusa da Inna, matarsa, ina sauraron masu gaisuwa. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Allah shi jiƙan mutum mai haƙuri." Tun ina cewa amin da baki har na koma gyaɗa kai. Baffa ba shi da haƙuri, kuma da zai ji ana laƙaba masa shi, da ya kori mai faɗin daga ƙofar gidansa. Mutum ne mai zafin rai, mai faɗa tun kafin ya karya kumallo, mai riƙe magana a ciki har ta yi tsatsa. Wata tsohuwa daga Dogon Daji ce kaɗai ta faɗi gaskiya. Ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Wanga bawan Allah ya zage ni, kuma ya share mani hawaye, duk rana guda." A nan ne na ga Inna ta ɗan yi murmushi.

A waje kuwa direbobin tasha sun cika layi da motocinsu, akori-kura da tsofaffin jif masu shiga daji, kusan kowace da aikin Baffa a bayanta. Duk lokacin da na leƙa ta zaure sai in hango Babana zaune can ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa. Masu gaisuwa kan bi layi, su gaida liman, su gaida surukai, in sun iso kansa sai hannunsu ya yi nauyi. Wasu su miƙa masa suna kallon wani wuri, wasu su wuce kamar ba su gan shi ba. Shi ne ƙanen mamacin uwa ɗaya uba ɗaya, amma duk garin ya san sun haura shekara goma ba sa magana. Ba wanda ya furta, amma abin da kowa ke son sani guda ne: Baffa ya yafe wa ƙanensa kafin ya tafi, ko ya tafi da abin a ransa? Babana ya fi kowa son sani, kuma shi ne kaɗai ba shi da bakin tambaya.

Na ɗauki alƙalami ne don kada a manta da Baffa, kuma don kada a tuna da wani salihin tsoho da ba a taɓa yi ba a ce shi ne.

A gidansa na tashi. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin Inna, ban koma ba sai ziyara. Su kuma suna da ɗa namiji guda, ɗan farinsu, wanda muke kira Malam saboda ya zama malamin firamare a Kebbe. Baffa irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunan Malam ba, bai taɓa zama da shi kan tabarma ɗaya ba. In yana son a kira shi sai ya ce mini, "Ke, ina wancan?" Babana ne ya cike gurbin. Shi ya kai Malam makaranta, shi ya koya masa tuƙi, shi ya je neman masa aure. Kowanne ya riƙe ɗan ɗan'uwansa, kuma a lokacin ba wanda ya ga aibi a cikin wannan.

Rumfar waldar tana manne da zauren gida, don haka ƙarar guduma ce ta rene ni. Baffa yana yin ƙofofi da tagogi, amma abin da ya yi suna da shi shi ne bambar baya, wato ƙarfen da ake gicciyawa a ƙarshen mota. Duk wanda ya sayo motar shiga ƙauyukan Kebbe, kafin ta ga laka sai ya kawo ta. Baffa zai zagaya bayanta, ya ƙwanƙwasa bambar kamfani da ɗan yatsa, ya taɓe baki ya ce, "Gwangwanin madara." Ya kwance ta ya jefar gefe, ya kankare tsatsar shasi, wato ƙashin motar, har ƙarfen ya yi fari, sannan ya yanko ƙarfe mai kauri ya haɗa tasa, da ƙugiya biyu na ɗaura sarƙa.

Ba ya taɓa liƙa bamba a jikin shasi da wuta. Ya ce wuta tana cin ƙarfin shasi, sai dai a huda a ɗaure da noti. Zai ɗora ta kan jak, ya kwanta a ƙasa, ya zura notocin duka da hannu sako-sako, ya fito ya ja da baya ya dube ta da ido ɗaya, ya buɗe ƙofar baya ya rufe, ya duba ko ta taɓa salansa ko ta tare fitila. Sai ya gamsu sannan ya ɗauki sifana. In direba ya nuna sauri, sai ya ajiye sifanar ya shiga gida shan fura, kuma ba ya fitowa sai ya ga dama.

Bayan haka akwai gwaji. Akwai wani tsohon gawo a bayan rumfar. Baffa zai ɗaura sarƙa daga ƙugiyar zuwa gindin gawon, ya ce wa direba ya ja. Shi kuma sai ya je ya tsaya dab da sarƙar, daidai inda masu turin mota ke tsayawa in ta kafe. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Amsarsa kullum ɗaya ce: "In za ta tsinkewa, ta tsinke bisa wanda yay yi ta." Nakan tsaya a zaure ina kallo har motar ta daina gurnani. Ban taɓa ganin ta tsinke ba.

Tsohuwar Dogon Dajin nan, mijinta ne ƙafafunsa suka mutu. Ta zo tana roƙon Baffa ya gyara mata baro, don da shi take tura shi zuwa asibiti. Ya dubi baron, ya dube ta, ya ce mata ba ta da hankali, mutum ne ko buhun gero? Ta fara kuka, ya ce ta je can ta yi. Ya bar aikin da ke gabansa, ya tattaro ƙafafun keke da bututu, kafin magariba ya haɗa kujera mai taya har da wurin jingina kai. Da ta buɗe baki za ta yi godiya ya daka mata tsawa ta tafi kada dare ya yi mata.

Abu guda ne ba ya yi ko da wa ya roƙe shi: ba ya yi wa bamba mataki. A hanyoyinmu in mota ta cika, maza kan tsaya a bayanta su riƙe ƙarfen bodi, a tafi da su a haka. Baffa ya tsani wannan. Da gangan yake karkatar da saman bambarsa yadda ko akuya ba za ta iya tsayuwa a kai ba. Direbobi suna ƙorafi, shi kuma yana cewa, "Bayan mota ba mazauni na ba. Mai son mataki shi tafi masallaci mai bene."

Babana direba ne, har a cikin gida Direba ake ce masa. Da ya samu tasa akori-kurar yana bin Tambuwal zuwa Kebbe zuwa Fakku, Baffa ya yi masa bambar da ta fi ta kowa. Da ya gama gwajin gawo har ya shafa ta, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ta wani ba. Ba a jima ba Babana ya dawo da maganar mataki. Ina tsakar gida ina jin su ta katanga.

Babana ya ce, "Yaya, ranak kasuwa mutane na nan tsaye bakin hanya da kayansu. In na wuce su, sai gobe. Ko da mataki ko babu suna lafewa baya. Ba gara su samu wurin aza ƙafa ba?"

Baffa ya ce, "In sun lafe, tsaya ka sauke su."

"Kai ba ka bin hanyag ga, ba ka san yadda taka ba."

"Na san yadda mutum shika faɗowa. Ba ni yi."

Gaskiya ita ce Babana ba mugun nufi gare shi ba, kuma maganarsa ba ta rasa hujja ba. Amma shi ma jinin gidan ne, in an ce masa a'a sai ya ji kamar an mare shi. Ya ɗauki motar ya kai wa wani mai walda a wani gari, aka liƙa faffaɗan faranti a kan bambar Baffa. Daga nan ya daina ajiye motar a layinmu. Labari ya iso wa Baffa, ya aika a kira shi, bai zo ba. Ya sake aikawa, Babana ya ce yana zuwa in ya samu sarari.

Cikin daminar shekarar, ranar wata kasuwa, Malam ya shiga motar daga Kebbe. Gidan gaba yake zaune kusa da Babana. A hanya aka tsayar da su da wata mata mai tsohon ciki, Malam ya sauka ya ba ta wurinsa, ya zagaya ya hau matakin tare da wasu maza biyu. A wani gangare ruwa ya cinye hanya, ƙafar baya ta faɗa rami, farantin ya ɓalle gaba ɗaya. Mutum biyun suka tashi da ƙujewa. Malam ya bugu da dutse a ƙeya. Babana ya ɗauko shi ya juyo da motar, amma kafin su iso asibitin Tambuwal rai ya yi halinsa. Shi ya shigo mana da gawar da hannunsa, rigarsa duk jini, yana ta faɗin, "Ɗana, ɗana."

Baffa bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu, mutane suna ta yaba tawakkalinsa. Ni da ke kai masa abinci ina ɗauko kwanon yadda na ajiye na san ba tawakkali ba ne kaɗai.

Da aka tashi daga makoki ya aika a kawo motar, wannan karon Babana ya zo. Baffa ya tsuguna ya daɗe yana kallon inda farantin ya ɓalle. Waldar tsalli-tsalli ce kamar kashin kaji, ko cikin ƙarfen ba ta shiga ba. Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya kwance notocinsa ɗaya bayan ɗaya, bambar ta faɗo ƙasa, ya ja ta shi kaɗai zuwa cikin rumfa. Babana ya durƙusa a cikin ƙasa ya ce, "Yaya, ka gafarce ni." Baffa ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ɗauki motakka." Ya shige gida.

Babana bai ƙara sa wa motar wata bamba ba. Masu walda da yawa sun ce ya kawo, ya ƙi. Haka ya riƙa yawo da ita bayanta a buɗe, 'yan tasha suna kiranta marar wando, shi kuma ko ɗaga kai ba ya yi.

Addini ya hana gaba, kuma Baffa ya san haka, sai ya samo hanyarsa. Duk Sallah Babana zai zo ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure ya yi sallama. Baffa zai amsa sallamar cikakkiya, har da wa barakatuhu, yana kallon bango. Daga nan ba ƙari. Babana ya tambayi lafiya, shiru. Ya tambayi aiki, shiru. Ya zauna har ƙafarsa ta yi sanyi, ya tashi. Liman ya sa baki, dattawan dangi sun zo daga Kebbe, Baffa ya ce musu, "Wa nar riƙe? Ya yi sallama ban amsa ba?"

Ni ce na kasa haƙuri, don a hannun Baffa na koyi rashinsa. Wata rana da la'asar, ina da aurena har da 'ya'ya, na same shi a rumfa na ce, "Baffa, wannan abu ya isa. Shi ma fa ɗa ya rasa. Kullum ƙara ramewa yake."

Ya ɗaga baƙin tabaraunsa ya dube ni. Na zaci zagi zai biyo baya. Sai ya ce, a hankali, "Yaron ga ban taɓa kiran sunanai ba. Ban taɓa aza hannu bisa kainai ba. Ina cewa akwai lokaci, in na tsufa shi zo shi zauna kusa gare ni, kunya ta ƙare. Ubanki ya yi dariya da shi, ya ci abinci da shi, ya samu rabonai duka. Sannan yaɗ ɗauke mani nawa." Ya mayar da tabaraun ya ce, "Tashi ki ba ni wuri." Na fita ina kuka, ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma har yau ban san wanne ya fi yawa ba. Washegari ya aiko wa yarana da rake.

Idanunsa ne suka fara tafiya, kamar yadda suke yi wa masu walda. Daga baya ƙirji ya kama. Ya rufe rumfa, ya koma zaure, daga zaure ya koma ɗaki. Babana yakan sayo magani ya ba ni in kai, ya ce kada in faɗi daga inda ya fito. Baffa yana sha bai taɓa tambaya ba, shi da ba ya karɓar ko goro sai ya san mai bayarwa. Na so in ɗauki wannan a matsayin alama, amma ina tsoron yaudarar kaina. Sau da yawa Babana yakan zo ya tsaya a ƙofar ɗakin ya yi sallama, a amsa masa da muryar da ke ƙara dusashewa, ya juya.

Ranar da Baffa ya cika, Babana ya yi sammako zuwa ƙauyukan bayan Fakku. An kwana ana ruwa. A bakin wani rafi motar ta kafa hanci cikin laka, a wurin da waya ba ta shiga. Aka samo tarakta daga wata gona, mai ita ya ce sai dai a ja ta ta baya. Ya zagaya da sarƙarsa ya rasa inda zai ɗaura. Dole aka koma haƙa da shebur da fartanya, ana cusa itace ƙarƙashin taya. Sai da suka fita suka hau tudu wayarsa ta fara kuka.

Mu kuma a gida mun kira har mun gaji. Maza suka ce a ɗan jira ƙanensa. Aka jira, azahar ta gabato, hadari ya sake haɗowa ta gabas. Liman ya aiko cikin gida a tambayi Inna ko mamacin ya bar wata wasiyya game da jana'izarsa. Ina zaune kusa da ita, kafaɗata tana taɓa tata. Ta yi shiru har ɗan aiken ya maimaita. Sannan ta ce, "A yi abin da yad dace." Liman da mijina suka yi masa wanka, aka sallace shi, aka tafi. Babana ya iso da laka har gwiwa, ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Bayan an watse daga makoki, gida ya yi shiru, Inna ta ce in kira mata Direba. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki cikin kayan takaba, ni ina tsakaninsu. Tun rasuwar Malam ba ta taɓa yi masa magana mai tsawo ba, ba ta kuma taɓa yi masa baƙar magana ba.

Ta ce, "Direba, akwai amana wuyana. Ana jibi yayanka zai cika yac ce mani, in ya mutu a kira ƙanenai shi wanke shi. Yac ce kar wani shi taɓa shi sai kai."

Babana ya dafa ƙasa da hannu biyu. Ya ce, "Hajiya, da bakinai?"

"Da bakinai. Har sau biyu."

Na yi zaton ta gama, ashe da saura.

Ta ce, "Liman ya aiko yana tambaya, wagga na nan ta ji. Da na faɗi, da sun ƙara jira, ko da ruwa na zuba. Ban faɗi ba. Ɗana na yaf faɗi bayan motakka, na buɗe baki yaƙ ƙi buɗuwa. Shi ya iya yafewa, ni ban iya ba. Ban kira ka don ka yafe mani ba. Na kira ka don in sauke."

Na ji haushin Inna, matar da ta goya ni, na kuma rasa ta inda zan ga laifinta. Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yafe masa zafinsa saboda amanar hannunsa, Ka haɗa shi da ɗan da bai samu kira ba. Abin da nake ta maimaitawa a zuciyata ke nan, don in hana bakina magana.

Babana ya share fuskarsa da hannun riga. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, kar ki aza ma ranki. Ko kin faɗi, ban isowa. Na yi nisa ƙwarai rannan."

Ya yi mata sai da safe, ya sa takalminsa, ya fita yana dafa bango. Ranar jana'izar, da ya isa maƙabarta a guje, masu haƙa ba su gama wanke sheburansu ba. Da an ɗan ƙara jira, da ya iso. Ya sani, Inna ta sani, ni ma na sani.